Watan Janairu: Me Taurari Suke Faɗa Wa Manomi?

Ga hunturu ya sauka, ƙafa ta tsage, leɓe ya bushe, tsofaffi ba su rabuwa da bakin wuta. Hatsi ya shiga rumbu, an ci Kirsimati, 'ya'yanmu da suka zo daga birni sun fara komawa. A wannan lokaci ne hirar dare take yin tsawo, gama babu gajiyar gona. A irin wannan hira kuwa sau da yawa akan taɓo zancen taurari. Saurayi ya ɗago wayarsa ya ce tauraronsa ya nuna bana zai sami kuɗi. Dattijo ya yi masa dariya, amma in ka bi dattijon a hankali za ka tarar shi ma yakan dubi sama kafin ya kwance irinsa. Sai samari su ce, "To Baba, ai duk ɗaya ne, kowa da irin nasa duba."

Mu dai muna ganin ba ɗaya ba ne. Wanda ya gama su wuri guda yana iya binne buhun iri a banza, ko ya ci bashin da zai kwana da shi har baɗi. Domin haka bari mu zauna a kan wannan wata, da bukukuwansa, da abin da ake faɗi a kansa.

Inda sunan ya fito

Janairu sunan Romawa ne. Suna da wani gunki mai suna Janus, mai tsaron ƙofofi, wanda suke sassaƙa shi da fuska biyu, ɗaya tana duban baya, ɗaya tana duban gaba. Da fari shekarar Romawa daga Maris take farawa, lokacin da sanyinsu yake wucewa. Har yanzu alamar tana nan a sunayen watanni: a harshensu Satumba na nufin na bakwai, Disamba na goma, ga shi kuwa mu na tara da na goma sha biyu muke ƙirga su. A shekara ta 153 kafin haihuwar Almasihu ne manyan hakiman Roma suka fara kama aiki ran 1 ga Janairu, daga nan ranar ta zama bakin shekara. Ingila ma da ta kawo mana wannan lissafi ba ta bi shi ba sai 1752. Kafin nan ran 25 ga Maris take sake shekara.

Ashe ke nan ba wani abu yake faruwa a sararin sama ran 1 ga Janairu ba. Mutane ne suka shirya, suka yarda a kan ranar. Gwamnati ma takan zaɓe ta domin fara sabon abu. Dattawanmu sun tuna ran 1 ga Janairu 1973, ranar da Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, aka yi ta rikicewa a kasuwa wajen ba da canji.

Bukukuwan watan

A wurinmu watan yana buɗewa da sujadar tsallake shekara, ikilisiyoyi da yawa kuma sukan bi ta da makon addu'a. A Kagoro, kudancin Jihar Kaduna, ran 1 ga Janairu ake bikin Afan. Kalmar tana nufin dutse, bikin kuwa na ƙare girbi ne da buɗe farauta, da rawa da busa ƙaho. Ran 6 ga wata waɗansu ikilisiyoyi suna tunawa da zuwan masana daga gabas wurin jariri Yesu. Kibɗawan Masar da Kiristan Habasha sai ran 7 ga Janairu suke cin tasu Kirsimati, Habashawa kuma su bi ta da babban bikin Timkat ran 19, na tunawa da baftismar Yesu a Kogin Urdun. Ran 15 ga wata Nijeriya tana tunawa da sojojinta da suka mutu, gama a ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Akwai wata al'ada ta manoman Ingila ta dā da ta yi mana daɗin ji. Litinin ta fari bayan 6 ga Janairu suna ce da ita Litinin ta Garma. Ranar ce ma'aikatan gona suke koma aiki bayan hutun Kirsimati. Samari sukan ja garma suna zaga ƙauye suna karɓar ɗan abin hannu, kuma har yau akwai majami'un karkara da ake shigo da garma ran Lahadin da ta gabace ta a yi addu'a domin aikin shekara. Mu ba ma huɗa a Janairu, ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Amma wa zai hana ƙungiya ta sa ranar duban garma a wannan wata, a kai wadda bakinta ya cinye wurin maƙeri tun layi bai yi tsawo ba?

Janairu na biyu

Ga wani abu da da yawa cikinmu ba su sani ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna bin watannin sama domin azumi da salla. Watansu na fari shi ne Muharram, wanda Hausawa suke kira watan cika-ciki, saboda daren da akan dafa abinci mai yawa kowa ya ci ya ƙoshi, da fatan shekarar ta zama ta ƙoshi. Amma shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da wajen kwana 11, saboda haka Muharram yana zagawa, bana cikin damina, bayan 'yan shekaru cikin bazara. Ba a iya noma da irin wannan lissafi. Domin haka tun zamanin dā malaman ƙasar Hausa suka riƙe wani lissafi dabam na watannin rana, wanda suke kira watannin ajami. Ta hanyar sahara ya zo, daga Afirka ta Arewa, tare da fatake da littattafai. Asalinsa kuwa kalandar da Yuliyas Kaisar ya kafa a shekara ta 45 kafin haihuwar Almasihu.

Kalandar Kaisar tana da ɗan kuskure. Ta ɗauki shekara kwana 365 da rubu'i cif, alhali ta gaza haka da minti 11. Minti 11 ba kome ba ne, amma cikin shekara 128 ya zama kwana guda. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara, aka tsallake kwana 10: mutane suka kwanta ran 4 ga Oktoba suka tashi ran 15. Waɗanda ba su bi gyaran ba yanzu suna bayanmu da kwana 13. Shi ya sa ɗaya ga watan fari na ajami take faɗuwa ran 14 ga Janairu namu.

A Afirka ta Arewa wannan rana babbar rana ce ga Berber, 'yan'uwan Buzaye. Suna kiranta Yennayer, sabuwar shekarar manoma. Aljeriya ta mai da ita ranar hutu tun 2018, tana yi ran 12 ga wata, Maroko kuma tun 2024, ran 14. Su ma a daren akan cika akushi da kuskus da naman kaza, kowa ya ƙoshi domin kada shekara ta zo da yunwa. Suna da tatsuniya a kan watan. Wai wata tsohuwa mai awaki ta ga Yennayer ya kai ƙarshe, rana ta ɗan fito, sai ta yi masa gori ta ce ya tafi bai iya yi mata kome ba. Yennayer ya fusata, ya je wurin ƙanensa Furar, watau Fabrairu, ya ari kwana ɗaya. A kwanan nan ya sako sanyi da guguwa, tsohuwa da awakinta suka sandare a kan dutse. Wai shi ya sa Fabrairu ya gajarce har yau. Wanda ya taɓa cire bargo daga kan 'yan tsaki don an yi kwana biyu babu iska ya san abin da tatsuniyar take nufi.

Tare da watannin ajami malamai suna ƙirga taurari 28, kowane da kwana 13, sai Jabha mai kwana 14, jimla 365. Kowane lokaci na shekara yana da bakwai. Tsofaffin manoma sun san na damina da ka: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Na sanyi su ne irin su Shaula, Na'a'im, Bulda da waɗanda sunansu ya fara da Sa'adu. In dattijo ya ce kada a shuka abu kaza bayan tauraro kaza ya shiga, ƙirgan kwana yake yi. Yana cewa ne kwanakin ruwan da suka rage ba za su ishi amfanin ya nuna ba. Malamin gona ma haka yake yi da kalandarsa ta bango.

Ku fita waje da dare

A daren da hazo ya kwanta, ku kashe fitila ku fita bayan gida wajen ƙarfe tara. Kusan bisa kanku, ɗan karkace wajen arewa, za ku ga ɗan cincirindon taurari ƙanana. Su ne Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa suna ce musu Surayya. Mai ido sosai yakan ƙirga shida ko bakwai. Gabas da su, ɗan wajen kudu, ga taurari uku a jere kamar an ja layi, su ne Mafarauci da Kare da Zomo. Duka biyu an ambace su cikin Littafin Ayuba, sura 9 da sura 38, da Littafin Amos, sura 5. Makiyayan can ma su suke kallo.

Kowane dare waɗannan taurari suna riga jiya fitowa da wajen minti 4, watau awa biyu a wata. A ƙarshen Janairu tun ƙarfe bakwai da rabi Kaza take kaiwa tsakar sama. Haka za ta yi ta matsawa yamma, har wajen ƙarshen Afrilu ta shige cikin hasken faɗuwar rana a daina ganinta. Sai cikin Yuni ta sake ɓullowa gabas da asuba. Ɓatanta da dawowarta sun faɗo daidai lokacin da ruwa yake kafuwa a ƙasashenmu, shi ya sa kabilu da yawa a Afirka suka ɗauke ta alamar shuka. Kakanninmu ba su da agogo, ba su da kalanda, amma suna da wannan, kuma ba ya tsayawa don rashin batir.

Zara matar wata da Gamzaki ba su shiga wannan lissafi. Su biyun abu ɗaya ne, wata duniya ce mai zaga rana kamar tamu, wani lokaci a gan ta da magariba, wani lokaci da asuba, ba ta bin damina ko rani.

Sai dai a lura da iyakar agogon nan. Yana faɗin lokacin da ya kamata ruwa ya zo, ba ya faɗin ko zai zo. A 1973 Kaza ta ɓata a kan kari, ta dawo a kan kari, ruwa bai bi ta ba. Haka a 1984. Waɗanda suka ga dabbobi suna faɗuwa a waɗannan shekaru suna nan cikinmu, a tambaye su. Tauraro ba ya jawo hadari. Ruwanmu daga iskar teku yake zuwa ta kudu maso yamma, ƙarfinta kuwa yana sākewa shekara zuwa shekara.

Taurarin jarida da na waya

Yanzu mu koma kan saurayin nan da wayarsa. Abin da yake karantawa ya samo asali a Babila wajen shekara 2,500 da suka wuce, inda aka raba hanyar rana a sama kashi 12, kowane kashi ana ce masa burji. Bisa ga masu wannan duba, wanda aka haifa daga wajen 22 ga Disamba zuwa 19 ga Janairu ɗan burjin Jadyu ne, watau ɗan akuya, wanda Turawa suke kira Kafrikon. Wai mutum ne mai haƙuri, mai son aiki, mai riƙon kuɗi. Daga 20 ga Janairu sai burjin Dalwu, watau guga, wai shi kuma mai son kansa da kansa ne, mai sababbin dabaru. Sa wannan a jarida ba tsohon abu ba ne. A 1930 wata jaridar Ingila, Sunday Express, ta buga duban taurarin Gimbiya Margaret da aka haifa a shekarar, masu karatu suka so, shafin ya zauna, sauran jaridu suka kwaikwaya domin yana sayar da jarida.

Muna da tambaya biyu. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022. In an raba su 12, kowane burji ya sami fiye da mutum miliyan 600. Mai kamun kifi a Japan, da direba a Legas, da mai noman acca a Filato, ta yaya magana ɗaya za ta dace da su duka a mako ɗaya? Amsar ita ce akan rubuta ta sako-sako yadda kowa zai ga kansa ciki: za ka sami labari daga nesa, ka yi hankali da kuɗi, wani na kusa zai ɓata maka rai. Wane mako ne ba haka ba?

Ta biyu ta fi wannan. Duniya tana juyawa tana ɗan layi kamar katantanwar yara, layin da yake ɗaukar wajen shekara 26,000 kafin ya zagayo. Saboda haka tun zamanin da aka tsara burji, taurari sun goce da kusan wata guda. Wanda aka haifa ran 10 ga Janairu ana ce masa ɗan Jadyu, amma a ranar rana tana gaban taurarin Ƙausu ne, watau baka. Ba ta shiga taurarin Jadyu sai wajen 20 ga wata. Masu duban sun san da haka, suna cewa su lokutan shekara suke bi. To, lokutan shekarar Turai ke nan, masu dusar ƙanƙara, ba namu ba.

Wani zai ce, ai masanan gabas tauraro suka bi. Gaskiya ne, haka Matta ya rubuta a sura 2. Amma ko su da suka isa Urushalima sai da suka yi tambaya, aka buɗe littafi aka gaya musu Baitalami.

Da abin ya tsaya ga nishaɗi da ba mu ɓata takarda a kansa ba. Amma Janairu wata ne na masu faɗin gaibu, gama kowa yana so ya leƙa shekara. Akwai na waya mai cin kati, akwai mai bugun ƙasa, akwai kuma, mu faɗi gaskiya, mai riƙe da Littafi yana sayar da annabcin sabuwar shekara da kwalbar mai. Duk a lokacin da hatsi yake hannun manomi suke zuwa. Bisa ga al'ada kuwa hatsi ya fi araha bayan girbi, ya fi tsada wajen Yuli da Agusta. Mudun da aka sayar yanzu domin a ji labarin shekara, shi za a saya da tsada lokacin da yara suke kuka ana tsakiyar noma.

Maganganun hunturu

Mutanenmu suna da nasu maganganu a kan wannan wata, waɗansu da ƙamshin gaskiya. Akan ce in sanyi ya yi ƙarfi mangwaro zai yi 'ya'ya. Wannan yana da tushe, gama sanyin dare da bushewa suna sa mangwaro ya yi fure. Alkama ma a Kadawa da sauran wuraren ban ruwa sanyin take so, wanda ya makara shuka har zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai ya yi hasara. Akan ce hazo taki ne. Shi ma akwai gaskiya kaɗan: yawancin ƙurar daga Bodele take tasowa, wani busasshen gindin tafki a arewacin Chadi, tana ɗauke da ɗan abincin ƙasa. Amma kada kowa ya fasa kai takin turke gona saboda wannan. Maganar da ake yi cewa hazo mai yawa alamar damina mai albarka ce, wannan kam fata ce, kada a ci bashi a kanta.

Yara sukan ce rana ta yi nisa shi ya sa ake sanyi. Abin mamaki, a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a Yuli kuwa miliyan 152. Sanyin ya zo ne domin rana ta karkata kudu, ga busasshiyar iskar sahara, ga ƙura ta tare haske.

Iskar nan kuma ita take buɗe ƙofar sanƙarau. Ba maita ba ce, ba tauraro ba ne. Ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna cunkushewa a ɗaki ɗaya a rufe taga. A 1996 cutar ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, a kai asibiti a ranar, kada a jira gobe. Kada kuma a kwana da gawayi mai ci a rufaffen ɗaki.

Abin da za a iya sani tun yanzu

Akwai labarin shekara da manomi zai iya samu a Janairu ba tare da ya biya kowa ba. A ɗebi ƙwaya 100 daga irin dawa ko masara ko wake da aka ajiye, kada a zaɓa. A jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe, a ajiye a ɗaki mai ɗumi, ana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana bakwai, ko goma in sanyi ya yi yawa, a buɗe a ƙirga. In 80 ko fiye suka tsiro, irin yana da rai. In bai kai 60 ba, a fara neman wani tun yanzu, kafin farashi ya hau. A zuba hannu cikin buhun wake a duba ko ƙwaro ya fara huda shi. A share ciyawa kewaye da rumbu da tarin harawa, gama watan farauta ne, wutar daji kuma ba ta tambayar gonar wa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, da lokacin da ake sa ran ruwa zai kafu da lokacin ɗaukewarsa a kowace jiha. Su ma sukan kuskure, amma da awo suke aiki, kuma sukan faɗi a fili cewa hasashe ne. Magatakardan ƙungiya ya nemi na jiharku wurin malamin gona, a karanta a taro, a gwada shi da lissafin dattawa.

Muna da roƙo ɗaya. Kowace kabila cikinmu tana da sunan da take kiran Kaza da 'Ya'yanta, da abin da take yi in ta ɓata ko ta fito. Masu sanin nan suna ƙarewa, jikokinsu kuwa sun fi sanin Kafrikon. A taronku na wannan wata ku gayyaci dattawa biyu ko uku, maza da mata, ku fita fili bayan cin tuwo su nuna muku da sanda. Magatakarda ya rubuta sunayen da harshenku, da watan da ake ganin kowane, da aikin gonar da yake tafiya da shi, ya aiko mana. Ku zaɓi daren da babu farin wata, ku zo da bargo.